Rodin faiba a cikin kankaren da ba siminti: zai ɗauki tifa?

MaginiSharada: Assalamu alaikum injiniyoyi. Ina zuba murafan kwata da ƙananan kwalbatoci a wajen Sharada, kusa da masana'antun jima. Ruwan kwatar nan ba ya raga wa rodi. Shekara kaɗan sai tsatsa ta kumbura, ta fasa kankaren daga ciki. Wani ɗan 'yar'uwata da ya karanta injiniya ya kawo mini guntun rodin faiba, an yayyafa masa yashi a jiki, ba nauyi sai ka ce karan dawa. Ya ce in haɗa shi da kankaren jiyofolima, wanda ake yi da toka ko gasasshiyar farar ƙasa maimakon siminti. To, tifa cike da yashi za ta taka murfin nan ya tsira?

InjiniyaZariya: Wa alaikumus salam, Malam. Yaron bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya ba ka. Rodin faiba zaren gilashi ne aka daskarar da danko, ba ya tsatsa, nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfe, kuma a wajen ja ya fi rodinmu ƙarfi. Matsalar tana wajen tauri. A ma'aunin tauri da ake kira GPa, na ƙarfe 200 ne, na faiba tsakanin 40 da 60. Ma'ana, in ka cire rodi mai milimita 12 ka sa faiba mai 12, murfin zai fi lotsawa sosai, tsagar ƙasansa ta fi buɗewa, tun bai kusa karyewa ba.

Abin da ya fi damuna kuwa, ƙarfe yana ba ka sanarwa: ya miƙe, bim ya sunkuya, kowa ya gudu. Faiba tsinkewa yake yi farat ɗaya. Shi ya sa ake yawan cika shi a ƙirar, don kankaren sama ya fara marmashewa kafin rodin ya tsinke. Sai a 2022 Amurka ta fitar da cikakkiyar ƙa'idarsa, ACI 440.11, ita ma ba don jiyofolima aka rubuta ta ba. A Jizan ta Saudiyya an shimfiɗa shi a magudanar ambaliya mai tsawon fiye da kilomita 21, amma wancan daɓe ne kwance a ƙasa, naka kuwa a sarari yake, tifa a kansa.

Hajiya_ƊakinGwaji: Ni ta wajen kankaren zan shigo. Yana aiki, filin jirgin Wellcamp na Ostareliya da aka buɗe a 2014 da shi aka shimfiɗa wani ɓangarensa. Sai dai su suna da tokar kwal da dattin narkar ƙarfe. Mu farar ƙasa irin ta garin Ƙanƙara a jihar Katsina muke da ita, sai an gasa ta a wajen digiri 700, sannan a kwaɓa da ruwan sodar kostik da sinadarin silikat. Ruwan nan yana cin fata, Malam, leburanka da ke kwaɓa da silifas a ƙafa ba za su sha da daɗi ba. Kuma kaifinsa yana iya cin zaren gilashin in dankon rodin ba mai kyau ba ne. Ka fara da abu ɗaya: faiba da siminti na yau da kullum, a zuba murafai biyu a kai su gwaji.

Ɗan_Lanƙwasa: Oga, ka sani ba a lanƙwasa shi a wurin aiki. Ka sa masa ƙarfi ya ɓalle. Ringi da kwana duk daga kamfani ake odarsu, an riga an lanƙwasa. Wuta ma ba ya so, dankon laushi yake yi, ga mutanenmu da ƙona shara a bakin kwata.

MaginiSharada: Na gode ƙwarai. Injiniya, faɗin kwatar mita ɗaya ne, kaurin murfin santimita 15. In ƙara kauri ya fi, ko in matse tazarar rodin?