Masu neman asalinsu ta Wusasa da Gimi, ina kuka kamo bakin zaren?

Jikar Gimi:
Salama gare ku. Kakarmu ta rasu bara. Tun muna yara take cewa "mu mutanen Gimi ne," alhali a Wusasa aka haife mu, a majami'ar St. Bartholomew aka yi mana baftisma. Shekaranjiya ɗana ya tambaye ni sunan kakan babana, na yi shiru. Don Allah wanda ya taɓa wannan bincike ya gaya mana inda ya bi.

Tsohon Malami:
'Yata, fara sanin hanyar da mutanen suka biyo, in ba haka ba za ki yi ta nema inda ba su zauna ba. Asalin na Gimi Isawa ne, mabiya Malam Ibrahim da aka kashe a Kano, suka watsu, da yawa suka nufi Ningi. Wajen 1913 wasu daga zuriyarsu suka haɗu da Likita Miller, Baturen mishan, a birnin Zariya, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ba a daɗe ba ciwon barci ya shiga ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka koma wajen mishan. Ita mishan ɗin sai 1929 ta bar cikin birni ta koma Wusasa. Ni wata uku na yi ina neman mahaifina cikin mutanen Gimi, ashe yaro ne da aka kawo makaranta daga wani ƙauye dabam, ya tashi a gidan Ba'ise, kowa ya ɗauka ɗan gidan ne.

Ɗan Tudun Wada:
Ni suna ne ya wahalar da ni. A gida Tanko ake ce wa kakana. A littafin baftisma ba Tanko ko ɗaya da ya dace da shekarunsa. Sai da wata goggon babana ta tuna cewa ranar Lahadi Istifanus ake kiransa. Na koma, ga shi nan, Bature ya rubuta sunan ubansa da wani irin harafi da sai ka karanta da ƙarfi kafin ka gane Audu ne. Kuma ku tuna kowane ɗa sunan ubansa yake ɗauka, ba sunan gida guda ba. Tsara uku, suna uku.

Inna Asabe:
Ku dai je wa tsofaffin mata tun suna da rai. Amma da dabara. Surukata har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa furta sunan mijinta ba, ko na ɗanta na fari, alkunya ce. In ka tambaye ta kai tsaye sai ta ce "wannan na wancan ɗakin." Ƙanwar mijin na samu, na kai mata goro da turare, na bar ta tana ba da labarin bikin aurensu. Cikin hira sunaye bakwai suka fito, har da unguwar da aka ɗauko amarya. Na naɗa a waya, da izininta.

Ɗalibin Tarihi:
Na yi sati biyu a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Ku nemi fayilolin Lardin Zariya, alamarsu ZARPROF. Rahotannin kimanta haraji na gundumomi suna kawo sunayen ƙauyuka da dagatai da yawan jama'a. Talaka ba kasafai sunansa ke fitowa ba, amma na gano ƙauyenmu ya tashi ne lokacin aikin yaƙi da ƙudan tsando na Anchau, inda aka gina Takalafiya. Shi ya sa kufai kawai muka tarar da muka je. Ku leƙa Gidan Arewa ma, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna. Wasiƙun 'yan mishan na CMS (ƙungiyar mishan ta cocin Angilikan) kuwa suna Jami'ar Birmingham a Ingila, wani abokina da ke karatu can ya ɗauko min hoton shafi huɗu.

Ɗan Tudun Wada:
Ɗalibin Tarihi, ka ci sa'a. Wata ƙaramar majami'a da na je a ƙauye, ba zan faɗi sunanta ba, gara ta cinye rabin littafin aure. Daidai shekarun da nake nema.

Tsohon Malami:
Idan takarda ta ƙi, je maƙabarta da sassafe, rana na gefe rubutun dutse ya fi fitowa. A nan na samu shekarar rasuwar kakata.

Jikar Gimi:
Na gode, Baba, na gode Inna. Akwai ƙanwar kakarmu a Kaduna, ta haura tamanin, kunnenta ɗaya ne ke ji. Asabar zan je mata. Goro fari take so ko ja, sai na tambayi mamana.