Wa ya taɓa zuwa Filifin? Ɗana zai tafi karatu

Maman Sadik, Nima

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman wanda ya taka ƙasar Filifin da ƙafarsa, ba wanda ya gani a waya ba. Ɗana na biyu ya samu gurbin karatun aikin jinya a Manila, bayan babbar salla zai tashi in Allah ya yarda. Yaron nan ko Kumasi bai taɓa yin mako guda ba. Ni kuwa iyakar sanina da mutanen can wasannin kwaikwayonsu ne na talabijin, kullum kuka da rigimar gado. Me zai ci a can? Akwai masallaci kuwa? Kuma yaya suke ɗaukar baƙar fata? Tun da takardar ta zo barcina ya ragu.

Malamin Gona, Aboabo

Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa a je a sa'a, a dawo da abin da aka je nema. Na yi mako shida a can. Wurin aiki ne suka tura mu kwas na noman shinkafa a Los Baños, kamar kilomita 60 kudu da Manila, inda cibiyar binciken shinkafa ta IRRI take tun 1960. Duk Juma'a ina shiga Manila, don haka abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Maganar ciki ita ce babba, da ita zan fara. Shinkafa dai zai ci har ya gode Allah: safe, rana, dare, fara sol, ba mai ba gishiri. Abin da ya ba ni dariya, da duk masanan shinkafar da ke ƙasar, ba ta isar su, sai sun sayo daga Biyetnam kamar yadda mu ma muke yi. Matsalar tana wurin mahaɗi. Mutanen nan da alade kamar mu da ƙosai ne. A makona na farko na shiga wata rumfar abinci a bakin hanya, tukwane a jere, kowa na ɗaga murfi yana nunawa. Na ce wa matar ba na cin nama, ta ce ba komai, ga ganye. Na kai loma biyu, sai na hango wasu 'yan fararen gutsattsari a ƙasan kwano. Na tambaya, ta yi murmushi ta ce ai ɗan kaɗan ne, don ɗanɗano. Wallahi ba da mugunta ta yi ba, ita a wurinta wannan bai kai a kira shi nama ba. Ranar da burodi da ruwan kwakwa na kwana. To ki sa Sadik ya haddace wannan kamar karatun allo: "May baboy po ba ito?", wato akwai alade a ciki? Baboy shi ne alade. Ya kuma riƙa tambayar man da aka yi suya da shi. Kifi kuwa ga shi nan birjik, akwai wani bangus mai ƙaya da yawa, akwai karfasa irin tamu. Sai dai bakinsu na zaƙi da tsami ne, har taliya sukari suke sa mata. Ki haɗa masa shito da yaji da gari, in ya isa ya sayi 'yar tukunyar shinkafa ta lantarki, ya huta.

Masallaci akwai. Ya nemi unguwar Quiapo, Kiyafo suke furtawa. Nan Masallacin Zinariya yake, mai ƙubba ruwan gwal. A 1976 aka gina shi, matar shugaban ƙasa Imelda Marcos ce ta sa a yi saboda ziyarar Gaddafi, ziyarar ba ta yiwu ba, masallaci ya zauna. Ranar da na fara karya kwana na shiga layin, na ji ƙamshin turare, na ga mata da hijabi suna ciniki, yara da hula suna guje-guje, sai na ji kamar a Aboabo na sauka. Zango ne sosai, suna kawai ya bambanta. Yawancinsu 'yan kudu ne daga tsibirin Mindanao, musamman ƙabilar Maranao, 'yan kasuwa ne na gaske. A nan na ci pastil, shinkafa da kaza da aka yayyaga siri-siri, a naɗe cikin ganyen ayaba kamar yadda ake naɗa mana wake da shinkafa a ganye. Suna da wani yaji, palapa, na citta da barkono da wata irin albasa. Shi ne abu na farko da ya sa ni gumi a ƙasar, har na sayi kwalba biyu. Bayan salla wani dattijo ya riƙe ni da hira, yana gaya mini cewa da Sifaniyawa suka iso Manila wajen 1570, sarki Musulmi suka tarar, Raja Sulaiman. Sifaniyawan sun mulki ƙasar fiye da shekara 300, sai Amurka ta karɓa a 1898, ƙasar ta samu 'yanci a 1946. Abin da ya sa za ki ji sunayensu Santos da Cruz, addini Katolika, karatu kuma da Turanci ke nan. Amma ƙaramar salla da babba duk ranakun hutu ne a ƙasa baki ɗaya. Tafiya kaɗan daga masallacin ga babban cocin Quiapo, su ma Juma'a ce ranar cikarsu, sai ya riƙa sammako.

Trotro ɗinsu, wato motar haya, sunansa jifni. Asalinsa motocin sojan Amurka ne da aka bari bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka ƙara musu tsawo, aka yi musu fenti kamar amarya. Ta baya ake shiga a sunkuye, benci biyu suna kallon juna, gwiwa na gugar gwiwa. Wanda na saba hawa ba shi da yaron mota. In kana can ƙarshe sai ka ce "bayad po" ka miƙa kuɗinka, na kusa ya karɓa ya ba na gaba, hannu zuwa hannu har direba. Shi kuma yana tuƙi da hannu ɗaya, takardun kuɗi a ninke tsakanin yatsunsa, ya ƙirga canji bai ko waiwayo ba, canjin ya biyo hanyar da kuɗin ya bi ya dawo tafinka cif. In za ka sauka ka ce "para po", ko ka ƙwanƙwasa ƙarfen sama da kwabo. Na yi ta tuna cacar bakin da muke yi da meti, wato yaron mota, a tashar Kejetiya ta Kumasi kan canjin sidi ɗaya.

Wannan "po" da kika ji ina maimaitawa ladabi ne, ba a magana da babba ba shi. Duk namijin da ya girme ka Kuya ne, mace Ate, kamar dai Yaya a wurinmu. Wani abokin kwas ya kai ni gidansu ranar Lahadi. Muna zaune jikoki suka shigo, kowanne ya kama hannun kakarsu ya ɗora bayansa a goshinsa, mano suke ce wa wannan. Suna gamawa ƙaramar cikinsu ta nufo ni ta kama nawa. Na rasa abin yi, sai na tsinci kaina ina ce mata Allah ya yi miki albarka da Hausa. Da tsohon gidan ya ji daga Gana nake, sai ya miƙe ya rufe fuskarsa da hannu biyu yana cewa "Clottey, Clottey". Damben 2010 yake nufi, da Manny Pacquiao ya doke Joshua Clottey namu na Bukom a Texas, turmi 12 namu yana kare fuska. Gida ya ɗauki dariya, ni ma na taya su, ya zan yi. Daga nan aka jawo na'urar waƙa, sai da suka tilasta mini na riƙe makirfo.

Batun fata, za a kalle shi, musamman wajen gari. Yara sun sha tambayata ko ina buga ƙwallon kwando, ni da tumbina. Wasu su nemi hoto. Kantuna cike suke da man ƙara hasken fata, daga nan ki gane inda hankali yake. Amma cikin mako shidan nan ba wanda ya zage ni ko ya tashi daga kusa da ni.

Tsohon Ɗan Jirgi, Ashaiman

Malam ya faɗi gaskiya, sai dai shi baƙo ne da aka tarba da mota da masauki, ɗalibi kuwa daban. Na yi shekaru a jirgin ruwa da 'yan Filifin, da wuya ka hau jirgi ba su, kuma na sauka Manila sau biyu. Hajiya, garin yana da wuya. Cunkoson titin EDSA ya sa na daina zagin Circle ɗinmu na Accra. Ya nemi ɗaki kusa da makaranta ko da ya fi tsada, kuma a jifni waya ta zauna a aljihun gaba. Daga wajen Yuni zuwa ƙarshen shekara lokacin guguwa ne, ruwa na iya shiga unguwa har gwiwa, kada ya kama ɗakin ƙasa. Halinsu kuwa namu ne sak wajen gida. Wanda muke ɗaki ɗaya da shi duk tashar da muka tsaya sai ya sayi sabulu, cakulan, takalmin yara, yana tarawa a wani ƙaton kwali da suke kira balikbayan, na aikawa gida. Tun Satumba yake kunna mana waƙoƙin Kirsimeti. Abu ɗaya da zai ji daɗi, ban ɗakinsu ba ya rabuwa da ruwa da moɗa, tabo suke ce mata, ba zai yi kewar buta sosai ba.

Ɗan Sabon Zango

Kawu Malam, tsakani da Allah, ka ci ƙwan nan mai ɗan tsako a ciki?

Malamin Gona, Aboabo

Balut ke nan, ƙwan agwagwa ne, ɗana. Da dare ake yawo da shi cikin kwando ana kira. An fasa mini ɗaya, na leƙa, na ga baki da gashi, na ce na ƙoshi. Hajiya na manta ban gaya miki ba, suna gabanmu da awa 8. In kin idar da azahar a Nima shi dare ya yi masa, in kika bari sai bayan isha'i za ki tashe shi kafin asuba.

Maman Sadik, Nima

Allah ya saka muku da alheri, ya raya zuri'a. Na rubuta maganar aladen a takarda, tun ɗazu yake maimaitawa ƙannensa na yi masa dariya. Malam, shiton kwalba nawa kake ganin zai kai shi wata shida? Yaron akwai ci.