Kai saƙo a kan babur daga Katsina zuwa Daura a lokacin kaka da hunturu: ina neman shawara

Sagir Ƙofar Marusa ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida manyanmu da ke wannan zaure, musamman waɗanda suka daɗe a harkar mota da babur. Ina da ƙaramin shago na karɓar saƙo da kai shi a cikin birnin Katsina, kuma akwai matasa masu babura da muke aiki tare. Akasarin masu ba mu aiki mata ne da ke sana'a a cikin gida suna tallata kayansu a WhatsApp da Instagram, wato masu atamfa da leshi, masu humra da turaren wuta, da masu kek da dambun nama. A cikin gari yaranmu suna zagayawa daga Ƙofar Kaura zuwa GRA, su leƙa Batagarawa, su kai wa ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua kaya a hanyar Dutsin-ma, amma duk abin da zai fita zuwa Daura ko Funtuwa ko Kano, tasha muke kai shi.

Daminar da ta wuce ta ba mu wahala, domin an samu kayan da ruwa ya jiƙa, kuma ɗaya daga cikin yaran ya zame a kan taɓo ya goge gwiwa da hannu, Allah dai ya taƙaita. Yanzu kaka ta shigo, hunturu na tafe, ga shi wasu masu kaya sun matsa mini lamba in riƙa tura babur kai tsaye zuwa Daura, a karɓi kaya da safe a miƙa wa mai su kafin azahar, sun kuma ce za su ƙara kuɗi. Kuɗin yana da jan hankali, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Shin wannan hanya ta dace da ɗan babur mai akwati a baya a irin wannan lokaci? Sannan idan kaya suka lalace a hanya, wa ya kamata ya ɗauki asarar, mai shago ne, ko yaron da ya tuƙa, ko mai kayan?

Alhaji Lawal Direba ya amsa:

Wa'alaikumus salam, ɗana Sagir. Allah ya yi wa sana'a albarka. Na yi tuƙin motar haya a layin Katsina zuwa Daura kafin in ajiye sitiyari, kuma shawarata ita ce kada ka tura babur.

Fara da lissafi. Daga Katsina zuwa Daura ta Mashi kusan kilomita 80 ne, kuma ƙa'idar hanya ta ƙasar nan ta ƙayyade wa babur gudun kilomita 50 a awa ɗaya, ko a cikin gari ko a bayan gari. Ke nan zuwa kaɗai ya haura awa ɗaya da rabi, zuwa da dawowa ya wuce awa uku, ban da neman gidan mai kaya. Babu matashin da zai zauna a kan 50 alhali ya san an yi wa wata alƙawarin kafin azahar. Zai murɗe hannun babur ne, kuma kai da ka yi alƙawarin kai ne ka sa shi.

Yanzu duba abin da ke kan kwaltar. Da kaka, manoma suna kwaso amfanin gona, saboda haka hanya takan cika da amalanken shanu ɗauke da damman gero da dawa da kara, ba fitila, ba wata alama mai ƙyalli a bayansu, kuma lokacin da suka fi yawa shi ne dab da magariba, sa'ad da ido ba ya gani sosai, fitila kuma ba ta fara amfani ba. A ƙauyukan bakin hanya za ka tarar an yi shanya a gefen kwalta, awaki da tumaki da aka saki bayan girbi suna tsallakawa a guje. Mai mota idan ya bugi akuya, sai dai ya tsaya a yi ciniki ya biya. Mai babur idan ya buge ta, shi da akuyar duk suna ƙasa.

Hunturu kuwa ya fi kaka sharri. Akwai safiyar da hazo kan sauka har ka kasa hango motar da ke gabanka sai ka zo daf da ita, kuma wanda bai sani ba sai ya kunna babbar fitila, hasken ya bugi ƙura ya dawo masa a ido. Iska tana kwaso rairayi ta shimfiɗa a kan kwalta, musamman a kwana, kuma tayar babur ba ta da riƙo a kan rairayi. Shi kansa yaron sanyi ya ƙandare masa yatsu, ya naɗe kai da kunnuwa da rawani, ba ya jin ham ɗin motar da ke bayansa. Idan tirela ta wuce shi da gudu, iskarta takan fizgi babur, kuma babur mai babban akwati a baya ya fi kowanne saurin karkacewa. Ranar Lahadi, da kasuwar Mai'aduwa ke ci, manyan motocin dabbobi suna ƙaruwa a wannan yanki, sai a ƙara kula.

Abin da ya fi shi ne ka ci gaba da aikawa ta tasha, ko motar KTSTA, wato hukumar sufuri ta jihar Katsina, ko ta 'yan ƙungiyar direbobi, amma ka gyara tsarin. A rubuta kaya a littafin ɗan kamasho, ka ɗauki hoton lambar motar, ka karɓi lambar wayar direba. Sannan ka samu yaro amintacce ɗan asalin Daura wanda ya san lungunanta, shi zai tari motar ya rarraba kaya a cikin gari. Hanyoyin da ke yamma, irin su Jibiya da Batsari da Safana, ban ma sa su cikin wannan magana ba, domin matsalarsu ta tsaro ce, kuma ba ka manta da 2021 ba, lokacin da gwamnatin jiha ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama.

Nazifi Mai Boxer ya amsa:

Ina gaida Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Yaya Sagir, ni ina cikin masu hawa babur ɗin, ko da yake ba a shagonka nake aiki ba, kuma ina so in faɗi abin da masu shago ba su cika gani ba, domin ko a cikin gari hatsarin yana nan, kuma ba daga kan titi yake farawa ba.

Yawancin shaguna suna biyanmu ne a kan kowane saƙo da muka kai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin da ke rage mana bayan mun sha mai ya ragu ƙwarai, don haka dole mutum ya ƙara yawan zirga-zirga kafin ya samu na cefane. Sai dai lokacinmu ba a kan titi yake ƙarewa ba, a ƙofar gida yake ƙarewa. Za a ba ka kwatance a ce bayan masallacin Juma'a, gida mai jan get, ka je ka tarar da jajayen get uku a layi ɗaya. Ka kira waya ba a ɗauka ba. Da ƙyar a turo ƙaramin yaro ya karɓi kayan ya shiga da su, kai kana tsaye a rana, sannan ya fito ya ce an ce a jira za a gwada. Daga nan a ce an turo kuɗi ta waya, saƙon banki bai shigo ba, kai kuma ba ka da ikon tafiya. Wannan rabin awar da ta salwanta, a kan titi ake neman fanso ta, da ratse da bin hannun da ba naka ba da kutsawa tsakanin Keke Napep da mota.

Abu na biyu shi ne waya. Mai kaya tana kira, mai karɓa yana kira, mai shago yana kira ya ji inda ka kai, duk kana kan tafiya. Da yawanmu sai mu soke wayar a cikin hular kwano, ko mu riƙe da hagu muna tuƙi da dama, alhali hannun hagu shi ne na kulochi. Lokacin da abin ya fi muni shi ne azumi, daga bayan la'asar zuwa shan ruwa, domin kowa yana so kunu da ƙosai da farfesunsa su iso da zafi kafin a kira salla, mai babur yana ɗauke da ƙishirwa, masu motoci ma kowa yana sauri ya isa gida. A 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne tsakanin ƙarshen sanyi da shigowar bazara, ga ƙura ga zafi, ido yana yaji.

Da a ce masu shago za su ji tamu, da sun sa mutum ɗaya a shago ya riƙa amsa duk kiran masu kaya, mu kuma a kira mu sai mun tsaya. Da sun ƙi karɓar saƙo sai mai karɓa ya turo alamar wurin da yake ta WhatsApp, kuma an biya kuɗi tun kafin babur ya tashi. Da sun yanka mana wani abu tsayayye a mako, sannan a ɗora na kowane saƙo a kai, domin wanda ya san ko an yi ruwa ya fake ba zai kwana da yunwa ba, ba zai shiga cikin hadari da kayan mutane ba. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa, amma yaron da ake biya da ƙidayar saƙo ba shi da damar yin aiki da wannan magana.

Maman Ilham ta amsa:

Malam Sagir, sannu da ƙoƙari. Ni ina cikin masu ba ku aiki, ina sayar da humra da turaren wuta da kayan ɗinki, kuma ban yarda a ɗora mana laifin gaggawa gaba ɗaya ba, domin mu ma matsa mana ake yi. Wadda za ta kai kayan lefe gobe ba ta san hazo ba, kayanta kawai take so. Duk da haka na lura cewa idan aka gaya wa mutum gaskiya tun farko, aka ce kayan Daura sai washegari, yawanci yakan haƙura. Abin da ke ɓata rai shi ne a ce yanzu-yanzu, sannan a wuni ana jira.

Game da asara, ga yadda muka yi da shagon da nake hulɗa da shi, kuma mun rubuta shi tun kafin a samu matsala. Ɗaurin kaya nawa ne. Kwalbar humra sai na toshe bakinta da leda, na naɗe da salatif, na tsayar da ita a cikin kwali da tsummoki a gefe. Atamfa da leshi leda biyu nake sa musu da damina, da hunturu ma haka, domin ƙura tana shiga farin yadi ta ɓata shi. Idan abu ya zube saboda ɗaurina bai yi kyau ba, asarata ce. Idan kuwa na ɗaure da kyau, yaron ya duba ya karɓa, daga nan amana ta koma kan shago, kuma shago ne zai biya ni. A ganina bai kamata a zaftare kuɗin yaron ba sai an tabbatar da sakaci, kamar ya ajiye babur da kaya ya tafi kallon ƙwallo.

Ka kuma sa ido a kan kalandar gari. Jajibirin Salla teloli ba sa gama ɗinki sai dare, kowa kuma a daren yake so a kai masa. Ranar Hawan Salla da ta Hawan Bariki hanyoyin da ke kewayen Ƙofar Soro, wato ƙofar fadar Sarkin Katsina, na dawaki ne da 'yan kallo, haka Daura take a ranar Hawan Magajiya da lokacin Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal. Ka sanar da ranar rufe karɓar saƙo tun da sauran mako guda, za mu bi.

Malam Haruna Bakanike ya amsa:

Sagir, ni ta fannin ƙarfe zan yi magana. Da hunturu ƙura tana toshe iya kilina, wato matatar iskar inji, babur ya riƙa shan mai yana rasa ƙarfi, don haka a riƙa buɗewa ana tsabtace ta a kai a kai, a kuma rage tazarar juyen baƙin mai. Sarƙa idan ƙura ta haɗu da giris takan cinye haƙoran sufoket, sai a wanke ta da kananzir kafin a sa sabon mai. Da damina kuwa, duk babur ɗin da ya ratsa ruwa birkinsa na baya ba ya kamawa nan take, sai an ɗan tattaka shi a hankali ya bushe. A jikin taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2322 yana nufin mako na 23 a shekarar 2022, kuma Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa tana gargaɗin kada taya ta wuce shekara huɗu. Akwatin baya a ɗaure shi da ƙusoshi a jikin kariya, ba da robar tib ba, kaya masu nauyi a ƙasa kuma kusa da bayan mai tuƙi, a manna masa abu mai ƙyalli.

Hular kwano tun Janairun 2009 aka fara tilasta ta, kuma mai gilashi a gaba ta fi rawani tare ƙura. Kowane yaro ya mallaki lasisin babur, takardu da inshora su cika saboda jami'an KASSAROTA, masu kula da zirga-zirgar ababen hawa a jihar Katsina, da na kiyaye haɗura, ya kuma haddace 122, lambar kiran gaggawa idan an yi hatsari. Kai kuma mai shago ka sani cewa NIPOST, wato hukumar gidan waya ta ƙasa, ce ke ba da lasisin sana'ar kai saƙo.

Sagir Ƙofar Marusa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar tura babur Daura na ajiye ta, kuma batun amsa waya daga shago zan fara shi a wannan makon. Baba Alhaji, saura abu ɗaya: idan na bi ta tasha, yaya zan yi kayan su isa da wuri ba tare da sun wuni ana jiran mota ta cika ba?

Alhaji Lawal Direba ya amsa:

Ka je tasha da kanka, ka gaida shugaban layin Daura, ka gabatar da kanka da sana'arka, domin wanda aka sani ba a jefa kayansa ƙarƙashin buhun masara. Ka tattara saƙonnin Daura tun da yamma su kwana a shagonka a ɗaure, da sassafe a ba motar da ke kan layi, wadda ta kusa cika, ba wadda ke bayanta ba. Ranar da hazo ya yi kauri direbobin kirki sukan jinkirta tashi har rana ta ɗaga, saboda haka ka gaya wa masu kaya cewa daga Disamba zuwa Fabrairu alƙawarinka kafin la'asar ne. Kek da duk abin da ke narkewa ko fashewa ka biya masa kujera a gaba, kada a sa shi a but.