Albarushi mai hayaƙi da bindigar ɗurin baki: shawara ga masu fassara

'Yan uwa masu fassara da marubuta, akwai wata kalma da ta tsaya mini a aiki, kuma ina so mu daidaita a kanta. A Amurka da ƙasashen Turai akwai mutanen da suka ajiye bindigogin zamani suka koma harbi da irin bindigar kakanninsu don sha'awa da gasa, abin da suke kira black powder shooting, bindigar kuma su ce mata muzzleloader. A Amurka suna da ƙungiya tun 1933, hedikwatarta tana garin Friendship a jihar Indiyana, inda suke taruwa gasa duk shekara, kuma jihohi da dama sun ware wa irin wannan bindiga lokacin farauta na musamman. Na ga an fassara kalmar farko da "baƙar hoda", kuma ban yarda da wannan fassara ba, domin Bahaushe in ya ji hoda, fuskar mace zai tuna.

Muna da kalmarmu tun da daɗewa, wato albarushi, wadda muka aro daga Larabci kamar yadda muka aro bindiga. Albarushin da Bahaushe ya sani shi ne ainihin wanda Turawan suke nufi: haɗin gawayi da farar wuta da wani gishiri da ake kira potasiyam naitret, wanda Sinawa suka fara haɗawa fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Su ma Turawan ba su riƙa ƙara masa siffar baƙi ba sai bayan 1884, lokacin da Paul Vieille na Faransa ya ƙirƙiro sabon nau'i marar hayaƙi, aka buƙaci a bambanta tsohon da sabon. Mu ma buƙatar da ke gabanmu ke nan, tunda yau mai karatu yana iya ɗaukar albarushi a matsayin abin da ke cikin kowane harsashi.

An kawo mini shawarar "baƙin albarushi", kuma ba laifi gare ta, sai dai launi ba shi ne abin da mai harbi yake gani ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar sarki ranar hawan daushe a Kano ya san abin da ke biyo bayan ƙarar: farin hayaƙi mai kauri da yake rufe dawaki da mahaya na ɗan lokaci, da warin farar wuta mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, wanda yake kama riga har a koma gida. Wannan hayaƙin shi ne abin da masu sha'awar suke so, kuma shi ne ya raba tsohon nau'i da sabo. Saboda haka na fi son mu ce albarushi mai hayaƙi, kishiyarsa kuma albarushi marar hayaƙi.

Maganar bindigar ta fi wuya. Muna da bindigar toka, muna da harba-ruga, amma duka biyun suna kai tunani ga ƙirar maƙeran gida, ta biyun ma har da raini a cikinta, alhali bindigar da ake magana a kai sau da yawa ƙirar masana'anta ce mai tsada, irin wadda kamfanin Pedersoli na Italiya yake kwaikwayo daga tsofaffin bindigogi. Abin da ya haɗa su duka shi ne yadda ake ɗura su. Mai harbi yana tsayar da bindigar gindinta a ƙasa, ya auna albarushi ya zuba ta baki, ya ɗora ɗan ƙyalle mai maiƙo, ya aza dunƙulen dalma a kai, sannan ya tura shi da siririyar sanda har ya zauna daram a kan albarushin. Harbi ɗaya ne, sai a sake komai daga farko, kuma da an tashi dole a wanke cikin bututun da ruwa, domin ƙazantar da albarushin yake bari tana jawo danshi ta sa tsatsa. Tunda aikin ɗuri ne, kuma ta baki ake yinsa, ina ba da shawarar bindigar ɗurin baki. Wadda dutse yake dukan ƙarfe ya ba da tartsatsi kuwa sai mu ce mata mai ƙyastu, tunda ƙyastu abu ne da kakanninmu suka kunna wuta da shi.

Abu ɗaya nake roƙo da babbar murya, kada mu kira waɗannan mutane 'yan bindiga. In ban da a fada, wannan suna ya koma na masu kashe mutane da satar shanu, kuma jama'armu suna jin zafinsa. Masu sha'awar harbin gargajiya ya wadatar, shi kansa aikin kuma harbin gargajiya. Ina so in ji ta bakin 'yan uwanmu na Damagaram da Maraɗi da Sakkwato, musamman waɗanda suka tashi a gidan maharba, ko akwai sunan da ake kiran sandar ɗurin da shi a wurarenku, domin da shi ya kamata mu yi amfani.