Muhawara: Shin Tace Ruwan Ƙazanta Ne Ya Kamata Ya Zo Farko A Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa?

Injiniya Auwal: Matsayina shi ne, duk ƙasar da ruwa ya yi wa ƙaranci ya kamata ta fara da gina matatun ruwan ƙazanta kafin ta waiwayi tace ruwan teku ko haƙa sababbin rijiyoyi, domin ruwan da ke fita daga gidajen birni ba ya yankewa ko da damina ta yi gardama. Tun 1968 birnin Windhok na Namibiya yake tace irin wannan ruwa yana mayar da shi famfo, kuma matatar da aka buɗe a can a 2002 tana iya fitar da mita kubik 21,000 a kullum.

Hajiya Rabi: Injiniya, ban musa maka zancen Windhok ba, amma ka tsallake tushen maganar. Matata ba ta ganin ruwa sai an shimfiɗa bututu daga gidaje zuwa gare ta, kuma a garin da yawancin gidaje ke amfani da shadda, ƙazantar tana nutsewa ne a ƙasa ko motar kwasa ta tafi da ita. Sau da yawa kuɗin bututun ya fi na matatar kanta. Na taɓa ziyartar wata matata da aka buɗe da gagarumin biki, na tarar injinan hura iska a tsaye, ciyawa ta tsiro a bakin tankuna, baƙin ruwa yana fita yadda ya shigo, saboda babu kuɗin wuta.

Malam Habu: Ni damuwata ta mutane ce. A 2006 mazauna Tuwumba ta Ostireliya, duk da farin da ya addabe su, sun kaɗa ƙuri'a suka ƙi a haɗa musu tataccen ruwan ƙazanta da ruwan sha. Wane ne zai yarda ya yi alwala da shi?

Malam Sadisu: Malam Habu, an daɗe da amsa wannan. A 1978 Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta yi fatawa cewa idan aka tace ruwan har launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa suka koma asali, to ya tsarkaka. Ƙyama daban, hukunci daban.

Injiniya Auwal: Kuma ba dole ne a sha ba. Kusan kashi 70 cikin ɗari na ruwan daɗin da ake ɗiba a duniya noma ne ke cinye shi. A Jodan, matatar As-Samra tana karɓar ƙazantar Amman da Zarƙa, ruwan da ta tace ya gangara madatsar Sarki Talal, daga nan manoman Kwarin Jodan su yi ban-ruwa da shi, ruwan daɗi kuma ya rage wa masu sha. Hajiya, batun wuta ma ba a bar shi ba, domin mafi yawan wutar da matatar ke ci tana samun ta ne daga gas ɗin da lakar ƙazantar ke fitarwa da kuma ƙarfin gangarowar ruwan.

Dakta Zainab: Akwai abin da ku duka ba ku taɓa ba, wato gishiri. Tacewa ta yau da kullum tana rage ƙwayoyin cuta da datti, amma ba ta cire gishirin da ya narke, kuma idan aka shekara da shekaru ana zuba shi a gonar da ruwan sama bai isa ya wanke ta ba, ƙasar za ta yi kanwa, amfani ya ragu. Cire gishirin sai da tacewa ta matsi, wato tura ruwan da ƙarfi ta cikin rariya mai ƙananan ƙofofi ƙwarai, wadda ke ƙara cin wuta, ko da yake ba ta kai ta ruwan teku ba.

Hajiya Rabi: To, Injiniya, mun dawo inda na tsaya. Amman tana da bututun da ke kai wa As-Samra ruwa. Ka gaya mana wanda zai biya kuɗin shimfiɗa shi a garin da ba shi da ko ɗaya, da wanda zai riƙa biyan albashin ma'aikata bayan masu ba da bashi sun tafi.