Taƙaitawar shawarwari kan haƙƙin mallakar waƙar da ta yi fice

Ga abin da aka tattara daga tattaunawar da aka yi kan waƙoƙin da suka shahara alhali masu su na asali ba su amfana ba.

1. Kusan kowa ya yarda cewa bai kamata mawaƙi ya sayar da waƙarsa kacokan ba. An yawaita kawo misalin Solomon Linda na Afirka ta Kudu, wanda ya naɗi "Mbube" a 1939 ya miƙa haƙƙinta ga kamfanin Gallo. A 1961 ƙungiyar The Tokens ta Amurka ta sake rera ta da sunan "The Lion Sleeps Tonight" har ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin da suka fi farin jini na mujallar Billboard, shi kuwa ya rasu a 1962 cikin talauci, kuma sai a 2006 aka sasanta da iyalansa.

2. An ba da shawarar a rubuta yarjejeniya kafin a shiga situdiyo, a fayyace kason marubuci da na makaɗi.

3. Ra'ayi ya rabu kan aron karin waƙoƙin gargajiya. Wasu sun ce gadon kowa ne, wasu kuma suka dage cewa dole a ambaci inda aka samo shi, a biya magada idan an san su, kuma a ganina hujjarsu ta fi ƙarfi.