Kuɗin da muka tara da sunan yayana: gidauniya za mu ba, ko 'yan mazan jiya?

Ƙanin Marigayi:
Assalamu alaikum. Yayana ma'aikacin kwana-kwana ne, ya rasu bara a bakin aiki lokacin da rufin ginin da suke kashe gobararsa ya rufto masa. Bai bar mata ko 'ya'ya ba, kuma babu bashin kowa a kansa. Mu 'yan'uwansa da abokan aikinsa mun tara kuɗi domin a yi masa sadaka, amma kanmu ya rabu. Abokan aikinsa suna son a miƙa kuɗin ga wata gidauniya mai tallafa wa iyalan ma'aikatan da suka rasu a bakin aiki, wadda ta yi alkawarin sa sunansa a allon tunawa. Mahaifinmu kuwa, wanda tsohon soja ne da ya haura shekara 80, yana ganin gara a sayi magani da kekunan guragu ga tsofaffin sojoji abokansa bakwai da suka rage a raye, domin marigayin ne yake kai su asibiti a ranakun hutunsa. Idan aka raba kuɗin biyu ba zai yi wa kowa amfani ba. Ina roƙon wanda ya taɓa bin ɗaya daga cikin hanyoyin nan ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Abu Safiyya:
Allah ya jiƙansa da rahama. Shawarata ita ce ku buɗe wa 'ya'yansa asusun karatu, domin maraya ya fi kowa cancanta.

Ƙanin Marigayi:
Amin, na gode. Amma kamar yadda na ambata, bai bar 'ya'ya ba.

Ummu Khalil:
Ɗan'uwa, Allah ya ba ku haƙuri. Ni matar ɗan kwana-kwana ce, shekara 6 ke nan da rasuwar maigidana, hayaƙi ne ya shaƙe shi a cikin wani sito, ya bar ni da yara huɗu. Ban ma fita takaba ba wasu mutane suka zo da sunan wata gidauniya, suka karɓi hotonsa da ke sanye da kayan aiki, suka ce za su tara mana abin da zai riƙe karatun yaran har su gama. Na ga hoton nan a jikin takardun neman taimako, na gan shi a Facebook, an kuma gayyace ni taro aka zaunar da ni a sahun gaba tare da yaran, ana ɗaukarmu hoto ina kuka. Abin da ya shigo hannuna ambulan ɗaya ne, ko kuɗin zangon karatu ɗaya na yara biyu bai biya ba. Da na koma bayan wata uku ina tambaya, sai aka ce mini mafi yawan kuɗin ya tafi wajen kama zauren taro da sassaƙa allon tunawa. Na je na duba allon, na tarar ba a rubuta sunan mahaifinsa daidai ba, kuma har yau ba a gyara ba. Babban ɗana ya bar makaranta a shekarar. Ba na iya mantawa da ranar da ya tambaye ni dalilin da ya sa har yanzu ake amfani da hoton babansa alhali mu ba mu ga komai ba.

Malam Akawu:
Hajiya, abin da aka yi miki zalunci ne, amma kada a yi wa duk gidauniyoyi kuɗin goro. Na yi shekara 9 ina duba lissafin irin waɗannan ƙungiyoyi, kuma a wadda na fi daɗewa da ita, kashi 15 cikin 100 kawai ke tafiya ga albashi da hayar ofis. Allon tunawa ma ba shi da tsadar da aka faɗa miki. Ku nemi rahoton odita na shekara biyu a jere kafin ku ba da komai, kuma ku sa a rubuta cewa kuɗinku na iyalai ne kawai. Girman suna ba shi ne tabbaci ba, domin a 2016 ƙungiyar Wounded Warrior Project ta Amurka ta sallami manyan shugabanninta biyu bayan rahotanni kan yadda ake kashe kuɗin tsofaffin sojoji.

Ummu Khalil:
Malam, ni takardar da aka nuna mini ta ce fiye da rabi ne ya tafi ga hidimar taro. Kai lissafi ka gani a ofis, ni kuwa a gidana aka kwana da yunwa.

Abu Safiyya:
Mu da muka yi wa wani abokinmu allo, kusan duk abin da muka tara ya cinye, saboda haka ban san inda Malam Akawu ya samu mai araha ba.

Ɗan Kwana-kwana:
Ina cikin aikin nan shekara 14, kuma ina ganin kuna mantawa da mu da muke raye. Kowa ya san 'yan kwana-kwana 343 suka rasu a harin da aka kai birnin New York ranar 11 ga Satumba 2001, amma adadin abokan aikinsu da cututtukan ƙurar wurin suka kashe daga baya ya riga ya wuce wannan. A 2022 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikinmu cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Duk ranar 4 ga Mayu ana taron tunawa da mu a duniya, a yi jawabi a watse. Da a hannuna kuɗin yake, na'urar shaƙar iska zan saya wa tashar da marigayin ya yi aiki.

Ɗalibin Ilimi:
Akwai abin da ya kamata a fara rarrabewa. Idan da zakka a cikin kuɗin, ba a sassaƙa allo da ita, domin aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade rukunin mutane takwas da ake ba wa. Idan sadaka ce zalla, ƙofa a buɗe take. Kuma albishir ga iyalansa, ya zo a hadisi cewa wanda ya rasu a gobara ko gini ya rufta masa yana cikin shahidai.

Saje Mai Ritaya:
Yarana, duk cikinku babu wanda ya kula da maganar uban marigayin, alhali shi ne ya binne ɗansa, kuma shi ya fi ku sanin inda yaron ke zuwa ranar hutunsa. Akawu ya san takarda, ɗalibi ya san littafi, amma waye a cikinku ya taɓa ɗaukar tsohon soja a baya zuwa banɗaki?

Malam Akawu:
Baba, da girmanka, sanin wahala daban, sanin yadda kuɗi ke salwanta daban. Maganin hawan jini na wata shida zai ƙare, sannan wa zai ci gaba da saya?

Abu Safiyya:
Idan dai kekuna bakwai za a saya wa 'yan mazan jiya, to a haɗa musu da usur, domin na tabbata sai sun yi fareti da su.

Saje Mai Ritaya:
Za mu yi kuwa, ɗana, in da ƙarfin tura su. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, da fanshonmu na zuwa a kan lokaci, da babu mai neman sadakar kowa. Shekarata 78, idona ɗaya yanar ido ta rufe shi, amma an sa na yi tafiyar yini guda domin a tantance cewa ina raye, na tsaya a layi tun safe, aka ce na'ura ba ta karanta yatsana ba, in dawo wani watan.

Jikar Ɗan Bama:
Baba Saje, wannan tsohon ciwo ne. Kakana yana cikin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma da aka kai ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya dawo bayan 1945 da lambar yabo, kuma kuɗin sallamar da aka ba sojojin Afirka bai kai na Turawan da suka yi yaƙi tare ba. A Ingila tun 1921 ake sayar da jan furen tunawa domin tsofaffin sojoji, amma kakana ya rasu bai san da zancen ba. Sai a 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, mafi yawansu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Shi ya sa ni ba na raina allon tunawa, ko da Hajiya Ummu Khalil tana da gaskiyarta.

Ƙanin Marigayi:
Na gode muku duka. Babu zakka a cikin kuɗin. Har yanzu dai ban ji wanda ya taɓa ba tsofaffin kai tsaye ba, ga shi mako biyu kawai aka ba ni in kawo amsa.

Saje Mai Ritaya:
'Yata Jikar Ɗan Bama, ko lambar aikin kakan naki tana hannunku? Mahaifina ma a runduna ta 82 ya yi, kuma takardar sallamarsa ta ɓace tun ina yaro.